Tambayoyi da amsoshi kan babban cocin Katolika na Liverpool, wannan mai zagaye da kambi a ka

Yawancinmu in aka ce Liverpool to ƙwallo ce ke fara faɗo mana a rai, amma akwai wani gini a tsakiyar garin da 'yan uwa ke yawan tambaya a kai duk sanda suka ci karo da hotonsa, wasu ma da ƙyar suke yarda cewa coci ne. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa, ga su nan.

Wai mene ne sunansa na ainihi, kuma na su waye?

Liverpool Metropolitan Cathedral ake ce masa, an sadaukar da shi ne ga Almasihu Sarki, kuma shi ne uwar duk cocin Katolika da ke yankin Liverpool. A nan kujerar Akbishop, wato babban bishop, take, wanda ke kai yanzu John Sherrington ne, ya hau a 2025 bayan Malcolm McMahon. Yana cikin katidiral ɗin Katolika mafi girma a Ingila. Mutanen gari kuwa suna da nasu sunan na tsokana, Paddy's Wigwam, saboda siffar tanti da yake da ita da kuma 'yan asalin Ayilan da suka fi yawa a cikin masu ibada a wajen.

Me ya raba katidiral da cocin unguwa, girma ne?

A'a ba girma ba ne, kujerar bishop ce. Duk cocin da aka ajiye kujerar bishop na dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a cikinsa shi ne katidiral ko da ƙarami ne.

Ingila ba ƙasar Angilikan ba ce, me ya tara Katolika da yawa haka a Liverpool?

Yunwa ce ta kawo su. Tsakanin 1845 zuwa 1852 cuta ta faɗa wa dankalin Ayilan, wanda shi ne abincin talaka a can, mutane suka yi ta mutuwa, masu sauran ƙarfi suka hau jirgin ruwa, kuma Liverpool ce tashar da ke kallon Ayilan ta tsallaken teku. Wasu suka wuce Amurka, da yawa kuma kuɗin mota ya ƙare musu a nan suka zauna. A 1850 aka maido da dayosis-dayosis na Katolika a Ingila, Liverpool ta samu nata bishop, daga nan aka fara maganar gina babban coci. A 1853 aka ba Edward Welby Pugin aikin zana shi a unguwar Everton, aka gina ɓangare ɗaya kawai wato ɗakin addu'a na Budurwa Maryamu, sai aka tsaya don kuɗin an fi buƙatarsa wajen makarantu da gidajen marayu da ƙananan coci na unguwanni. Ni dai ban ga laifinsu ba ko kaɗan, yara na yawo ba karatu ba abinci ai ba lokacin hasumiya ba ne.

An ce wai da wani ƙaton gini aka so yi wanda zai yi gogayya da na Roma, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma labarin nan shi ne rabin labarin wajen. A 1930 aka sayi fili a Brownlow Hill, inda da can gidan gajiyayyu ne, irin gidan nan da ake tara matalauta a sa su aikin wahala a bakin abinci da makwanci, kuma Katolika 'yan Ayilan da yawa sun ƙare rayuwarsu a ciki. Akbishop Richard Downey ya ɗauko Sir Edwin Lutyens, mutumin da ya zana manyan gine-ginen gwamnati a New Delhi, ya ce ya zana masa coci. Abin da Lutyens ya kawo ya wuce hankali, da an gama shi da ya zama coci na biyu mafi girma a duniya, faɗin kubbarsa ƙafa 168, alhali ta St Peter da ke Batikan ƙafa 137 ce. Aka aza harsashi ranar 5 ga Yuni 1933, talakawa suna ta ba da kwabo-kwabo, aka fara da ginin ƙarƙashin ƙasa, sai yaƙin duniya na biyu ya zo aiki ya tsaya a 1941, Lutyens ya rasu a 1944, da aka sake lissafi bayan yaƙi kuɗin da aka ƙiyasta fam miliyan 3 ya koma fam miliyan 27. Aka ba Adrian Gilbert Scott ya rage zanen ya dawo da shi daidai aljihu, nasa bai samu karɓuwa ba, shi ma aka ajiye. Abin da ya tsira daga wancan babban buri shi ne ginin ƙasan, wanda aka kammala a 1958. Mai son ganin yadda abin zai kasance ya je gidan tarihi na Museum of Liverpool, akwai samfurinsa na katako a can, samfurin kansa ya fi mutum tsayi.

To wa ya zana wanda ake gani yanzu?

Frederick Gibberd. Akbishop John Heenan ne ya ce a daina jira, a buɗe gasa ga masu zanen gini na duniya, da sharuɗɗa masu tsauri: a gama cikin shekara 5, gangar jikin ginin kar ta wuce fam miliyan 1, ya haɗu da ginin ƙasa na Lutyens, kuma duk wanda ya zauna a ciki ya iya ganin bagadi. Zane kusan 300 aka turo, na Gibberd ya yi nasara, aka fara aiki a Oktoba 1962, aka keɓe cocin ranar Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, 14 ga Mayu 1967. Ku duba fa, sama da shekara ɗari ana fama tun zamanin Pugin, sai ga shi an gama cikin ƙasa da shekara 5.

Wani abu da zai ba 'yan uwa Musulmi sha'awa, wannan Gibberd ɗin dai shi ne ya zana babban masallacin Landan na Regent's Park mai kubbar zinare, wanda aka kammala a 1977.

Me ya sa aka yi shi zagaye, ba dogo irin cocin da muka saba gani ba?

Nan ne zuciyar maganar, kuma shi ya sa nake ƙaunar ginin nan. A tsohon tsari coci dogo ne, bagadi yana can ƙurya, Fada ya juya wa jama'a baya yana addu'a da Latin, wanda ya makara ko ya zauna a baya sai dai ya ji ƙararrawa ya san an kai wani waje a cikin Misa, wato babbar ibadar Katolika. Heenan ya ce shi ba ya son haka, yana son jama'a su kewaye bagadi su ga abin da ake yi da idonsu. Gibberd sai ya ɗauki bagadin ya dasa shi a tsakiya, ya jera bencina suna zagaye shi, mutum sama da 2,000 su zauna kuma babu wanda ginshiƙi zai tare wa gani, don babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakar ɗakin. Faɗin zagayen ƙafa 195 ne, kusan mita 59. Mutane da yawa suna ɗauka taron Batikan na biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika da ya sauya tsarin ibada, shi ne ya jawo wannan tsari, amma taron an yi shi ne daga 1962 zuwa 1965, zanen kuwa ya riga shi, wato tunanin yana yawo a cikin Ikilisiya tun kafin a rubuta shi a takarda.

Abin da ba a gane shi a hoto shi ne, in ka zauna ka ɗaga ido, bayan bagadin fuskokin mutane za ka gani, tsohuwa da sandarta, ɗalibi da jakarsa a ƙafa, uwa tana lallashin yaro, duk suna kallon abin da kake kallo daga wancan gefen. A dogon coci ƙeyar mutane kawai kake gani tun daga farko har a tashi. Ba na cewa tsarin ba shi da nasa matsala, duk inda Fada ya fuskanta akwai waɗanda ke gefensa ko bayansa, kuma sauti yana amsa kuwwa sosai a ƙarƙashin rufin nan har wa'azi kan yi wuyar kamawa in mai magana yana sauri, amma in aka ce in zaɓa tsakanin wannan da ƙaton ginin Lutyens wanda na baya zai buƙaci tabaron hangen nesa, to wannan zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Rashin kuɗin da ya kashe wancan buri shi ya ba mutanen Liverpool cocin da ya kawo su kusa da bagadi.

In babu ginshiƙi a tsakiya me ke riƙe rufin?

Haƙarƙari 16 na kankare ne, kowanne a lanƙwashe, suka taso daga ƙasa suka haɗu a sama, sannan aka ɗaure su da zobe biyu na kankare, ɗaya a inda suka lanƙwasa ɗaya a can ƙoli, daga waje kuma akwai wasu tokare da suka jingina da su. Wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa jinkar ɗaki, sanduna su tashi daga gefe su haɗu a tsakiya a ɗaure su da kewayen igiya, to ya gane dabarar. A tsakanin haƙarƙarin nan aka jera ƙananan ɗakunan addu'a guda 13 a kewaye, kowanne da nasa siffa, an lulluɓe bangonsu da farin dutsen Portland.

Wannan hasumiyar ta saman mai kama da kambi fa?

Gilashi ce gaba ɗayanta, kuma daidai saman bagadi take. John Piper ya zana, Patrick Reyntiens ya haɗa, launi uku suka yi rinjaye, ruwan ɗorawa da shuɗi da ja, alamar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Gilashin ba irin siririn nan ba ne na tsofaffin coci da ake haɗawa da darma, gutsattsari ne masu kaurin inci ɗaya aka manne su da wani ƙaƙƙarfan gam a cikin firam na kankare, dabarar da sabuwa ce a lokacin. Tsinin da ke can sama su ne kambin, tunda cocin na Almasihu Sarki ne. Babu hoton mutum ko mala'ika a jikin gilashin, launi ne zalla, in rana ta fito sai ka ga ja da shuɗi sun zubo kan farin daɓen mabul da kan bencina, in ka dawo bayan awa biyu ka tarar launin ya koma wani gefen. Sannan kowane ƙaramin ɗakin addu'a an kewaye bakinsa da siririn gilashi shuɗi, shi ya sa ko da hadari ne, wanda kuma a Liverpool kusan kullum ne, cikin cocin yana da wani shuɗin haske.

Waɗanne ayyukan fasaha ne ya kamata mutum ya tsaya ya kalla?

Suna da yawa, amma bari in faɗi waɗanda ni nake ganin bai kamata a wuce ba. Bagadin kansa dutse ɗaya ne na farin mabul da aka ɗauko daga wajen Skopje a Masedoniya, tsawonsa ƙafa 10, samansa kuma an rataye wata rumfa ta sandunan alminiyom wadda Gibberd ya zana da kansa, a cikinta aka ɓoye fitilu da lasifika. Siffar Yesu ta tagulla da ke wajen bagadi aikin Elisabeth Frink ce, siririya, hannuwa a buɗe. Ɗakin Sakramenti Mai Tsarki kuwa Ceri Richards ya yi masa gilashi da zanen bango da akwatin ajiye Jibi, wato gurasar da aka tsarkake a Misa, launin ɗorawa da shuɗi, a can ne masu son addu'a a natse suka fi zama. A ɗakin Maryamu akwai siffarta da Yesu yana yaro ta Robert Brumby, gilashin wajen mai laushin launi na Margaret Traherne ne.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Hanyar Gicciye ta Sean Rice, tashoshi 14 na tagulla a manne jikin haƙarƙarin ginin, sai ka zagaye cocin kaf kafin ka gama su. Bai yi wa wahalar kwalliya ba, jiki a murɗe, jijiyoyi a tashe, sojojin da mugun kallo, mutum in yana bi a lokacin azumin Lent ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Akwai kuma hoton Fentikos na ƙananan duwatsu masu launi na Georg Mayer-Marton, ɗan ƙasar Hungary da ya tsere wa 'yan Nazi, asalinsa a wani coci yake a unguwar Netherton, da za a rushe cocin aka ciro shi aka kawo nan. Manyan tutocin yadi da ke rataye a bango kuwa a ɗakin ɗinki na cocin aka yi yawancinsu, wata Sista da masu aikin sa kai suka yi shekaru suna yi, kuma su ne suka rage wa kankaren sanyin da yake da shi a farko.

Ƙararrawa fa, ina aka sa su tunda hasumiyar gilashi ce?

Suna gaban ƙofar shiga, a cikin wani dogon bango mai siffar gatari, guda 4 ne, sunayensu Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. William Mitchell ne ya sassaƙa gicciye uku a fuskar bangon ya kuma yi manyan ƙofofin. Faffaɗan matakalar da ake hawa zuwa ƙofar tana cikin tunanin Gibberd tun farko amma wani gini ya tare wajen, sai a 2003 aka samu yin ta.

An ce ginin yana yoyo, har an kai mai zanen kotu?

E, haka aka yi. Sauri da ƙarancin kuɗi da gwada kayan da ba a taɓa gwadawa ba sun nuna kansu ba da jimawa ba, rufin alminiyom ya fara ɗiga, ƙananan tayil da aka lulluɓe haƙarƙarin da su suka riƙa ɓallewa, hukumar cocin ta kai Gibberd ƙara tana neman fam miliyan 1.3. A shekarun 1990 aka yi babban gyara, aka canza rufin zuwa ƙarfe mara tsatsa, aka sake lulluɓe haƙarƙarin da wani abu daban. Hasumiyar gilashin ma kullum cikin kulawa take don ruwa da iskar teku ba sa barin ta. Duk da haka a 2025 hukumomi suka ɗaga shi zuwa mataki na ɗaya na gine-ginen tarihi da doka ta kare, matakin da tsofaffin katidiral masu shekara ɗaruruwa suke.

Me ke cikin ginin ƙarƙashin ƙasan?

Wata duniya ce daban, da ka sauka sai ka ji kamar ba gini ɗaya ba. Jan bulo mai duhu da dutsen Cornwall, bakuna masu kauri, domin an gina su ne su ɗauki nauyin ƙaton cocin da bai zo ba. Akwai ɗakin addu'a na St Nicholas, akwai ɗakin taro, akwai ma'ajiyar kofunan Misa da rigunan Fada na da. Abin da kowa ke tsayawa a kai shi ne ƙofar ɗakin da aka binne wasu Akbishop, faifan dutse ne mai nauyin tan 6 wanda ake mirginawa gefe a buɗe, don tunawa da dutsen da aka mirgine daga bakin kabarin Yesu ranar Ista.

To wajen yawon buɗe ido ne kawai ko ana ibada da gaske?

Coci ne mai rai, ana Misa kowace rana, ana furta zunubi, ana baftisma da ɗaurin aure da jana'iza kamar kowane cocin unguwa, kuma yana da nasa mutanen unguwa da ɗalibai, tunda Jami'ar Liverpool tana maƙwabtaka da shi. Ranar Lahadi in ka duba bencina za ka ga jikokin 'yan Ayilan ɗin nan tare da 'yan Afirka da 'yan Indiya da 'yan Filifin da 'yan Poland. Bayan wannan akwai hidimomin dayosis da sai a katidiral ake yi, naɗin sababbin Fada, da Misar keɓe mai a mako mai tsarki inda Fada na duk yankin ke taruwa su kewaye Akbishop, a ranar ne za ka gane amfanin zagayen. Mawaƙansu akwai yara maza da yara mata da manya, kayan kiɗan ogan na kamfanin J. W. Walker ne tun 1967, bututunsa sun haura 4,500. Wajen taimakon mabuƙata kuma suna cikin ƙungiyar agaji ta Micah Liverpool tare da 'yan Angilikan, ana raba kayan abinci ga marasa ƙarfi, da yawansu masu neman mafaka.

Kuma in gari ya shiga baƙin ciki nan ake zuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1989 aka yi turmutsitsin filin wasa na Hillsborough a Sheffield, wanda a ƙarshe ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97, washegari aka yi Misa a cocin nan, ciki ya cika mutane suka yi dafifi a fili a waje, Katolika da wanda ba Katolika ba.

Ya dangantakarsu da babban cocin Angilikan na garin?

Titi ɗaya ne ya haɗa su, Hope Street, wannan a wannan ƙarshen wancan a wancan ƙarshen. Da can Liverpool gari ne da gaba tsakanin Katolika da Furotesta ta yi tsanani har da faɗace-faɗace a titi. Waɗanda suka fi ƙoƙarin kashe wutar su ne Akbishop Derek Worlock, wanda ya riƙe kujera daga 1976 zuwa 1996, da Bishop David Sheppard na Angilikan, sun tsaya tare lokacin tarzomar unguwar Toxteth ta 1981 da lokacin Hillsborough da kuma kan maganar rashin aikin yi, yanzu ma akwai siffarsu su biyu a kan titin. Fafaroma John Paul na biyu da ya zo ranar 30 ga Mayu 1982 duka biyun ya shiga, kuma har yau a lokacin Fentikos ana yin hidimar haɗin gwiwa a taka daga wannan zuwa wancan. Wanda ya zana na Angilikan ɗin, Giles Gilbert Scott, Katolika ne, Lutyens kuwa ɗan Angilikan.

Wanda ba Kirista ba zai iya shiga? Ana biyan kuɗi?

Kowa na iya shiga, ba a tambayar addini a ƙofa, shiga babban ɗakin kyauta ne sai dai abin da ka ga dama ka jefa a akwatin gudummawa, ginin ƙasan ne ake biyan ɗan wani abu. Daga tashar jirgin ƙasa ta Lime Street da ƙafa ma ana zuwa, hawa ne dai kaɗan. In ka tarar ana Misa sai ka zauna shiru ko ka jira a gama kafin ka fara ɗaukar hoto, kuma karɓar Jibi na Katolika ne da suka shirya, saura su zauna a wajensu babu wanda zai ce musu komai.

Na ji wai har bikin giya ake yi a ginin ƙasan, ya haka?

Gaskiya ne an sha yin bikin giya na Liverpool a ɗakin taron da ke ƙasa, kamar yadda ake ba da hayarsa don jarrabawar ɗaliban jami'a da kiɗe-kiɗe da liyafa, ba a ɗakunan addu'a ba kuma ba a babban cocin na sama ba. Dalilin kuɗi ne, gwamnatin Birtaniya ba ta ɗaukar nauyin tafiyar da katidiral na yau da kullum, wuta da ɗumama ɗaki a lokacin sanyi da albashin ma'aikata da gyaran gilashin nan duk daga gudummawa da haya da kuɗin ajiye motoci a garejin da ke ƙarƙashin cocin suke fitowa. Ni a raina na fi son a ce jarrabawa da kiɗa kawai ake yi a wajen, don bango kaɗan ne tsakanin ɗakin taron da inda Akbishop Downey yake kwance, kuma na san Katolika da yawa daga gida abin zai yi musu nauyi. Amma wanda bai ji daɗin hakan ba sai ya tuna da akwatin gudummawar da ke bakin ƙofa, don rufin nan da haƙarƙari 16 da hasumiyar gilashi kowace shekara sai sun ci kuɗi.